Inda Ake Yin Na Yaya

Duk unguwar Yaya ake ce mata, har da dattawan da a haife sun haife ta. Ita ce ta fari a ɗakinsu, kuma tun da ƙannenta suka fara magana sunan ya manne mata, ya bi ta gidan miji, ya bi ta kasuwa. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa in ta kira ɗanta daga tsakar gida sai 'ya'yan maƙwabta sun amsa. Sana'arta sabulu. In ka bi ta ƙofar gidan da suke haya da hantsi, tun ba ka ga komai ba hancinka zai gaya maka an fara haɗi: warin soda da mai, can a bayansa kuma ɗan ƙamshin lemun tsami.

Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Tana budurwa ta yi aikin shara a wata 'yar masana'antar sabulu, tsintsiya a hannu, ido a kan masu haɗi. Da masana'antar ta durƙushe aka sallami kowa, abokan aikinta suka fito suna kuka, ita kuwa ta fito da awon komai a ka. Ta fara da bokiti ɗaya da muciyar aro. Haɗin farko ya ƙi daskarewa. Wanda ya biyo baya ya daskare, amma ya ci hannun wata maƙwabciya har aka daɗe ba a gaisawa. Ta yi ta ɓarnar mai tana yi wa kanta faɗa har ta kama bakin zaren, kuma daga ranar ba ta sake yarda akwai wanda ya fi ta sanin sabulu a doron ƙasa ba.

Wurin aikinta wani ɗan ɗaki ne a ƙuryar gidan, wanda mai gidan ya gina don tarkace. Ba shi da taga sai wata kafa kusa da rufi. A ciki akwai durom biyu na roba, da akwatunan katako da take zuba haɗin ya kwana, da siririyar wayar da take yanka shi sanda-sanda, da wani tsohon sikeli da ba ya faɗin gaskiya sai an ɗan buge shi a gefe. Kajin maƙwabta suna shiga suna fita abinsu. Da wannan ɗakin ta ciyar da 'ya'yanta duk lokacin da motar maigidanta, wanda direba ne, ta kwanta a gareji, kuma motar tana son kwanciya.

Sai kuma Auta, ƙanwarta ta ƙarshe. Da mahaifiyarsu ta rasu yarinyar ta dawo hannunta, ita ta yi mata komai har ta girma. In Auta ta taso daga makaranta sai ta ɗauki kwalin sabulu ta kai wa masu kantuna. Su tambaye ta, “Wannan na wa ne?” Ta ce, “Na Yaya ne.” Shi ke nan, sabulu ya sami suna ba tare da kowa ya zauna ya zaɓa masa ba. Mata su yi aike kanti su ce a sayo Na Yaya, in babu a dawo kawai. Yaya ba ta taɓa rubuta sunan a ko'ina ba. Me za ta rubuta? Sunan yana bakin mutane.

Auta ta tashi shiru-shiru, irin mutanen nan da ba sa yar da rasit ko na allura ne. Ta iya haɗin tas, don a gindin durom ɗin ta girma. Bayan ta yi aure ta koma bakin titi da zama, sai ta fara zuwa da wata magana.

“Yaya, mu je mu yi rajista mana. Manyan kantuna yanzu ba sa karɓar kaya sai da lamba.”

“Lambar me? Mota ce ni?”

“Lambar hukuma, wadda ake bugawa a jikin kaya a san an gwada shi.”

“Takarda tana kumfa ne? Jiƙa ta ki wanke mini riga da ita in gani.”

Auta ta yi dariya ta bari, bayan an kwana biyu ta sake dawowa da zancen. “In zirga-zirgar ce ba kya so, ni zan yi. A sa sunana da naki, mu zama abokan kasuwanci.”

Wannan kalmar ce ta ɓata komai. Abokan kasuwanci! Da yarinyar da ta share wa majina, ta goya, ta koya wa riƙe muciya. Yaya ta juya mata baya ta ci gaba da yankan sabulu.

“Je ki yi naki. Ni na riga na girma ba da takarda ba.”

“To sunan fa, Yaya? In yi amfani da shi?”

“Ki haɗa har da muciyar.”

Gatse ta yi. Duk wanda ya san Yaya ya san gatse ne. Amma Auta, wadda ta fi kowa saninta, ranar ta ɗauki maganar a matsayin izini. Ko da gangan ta yi ko da gaske haka ta ji, Allah ne masani. Ta yi godiya ta tafi.

Daga nan Yaya ta sami abin dariya. Labari yana zuwa mata ta bakin mata masu sayen sabulu. An ce Auta ta kama shago a bakin titi, an sa ta shimfiɗa tayil, an sa ta jawo famfo har ciki. An ce an hana ta fara aiki sai ta sa raga a tagogi, ta rataye jan tulun nan na kashe gobara. An ce har asibiti aka tura ta aka ɗebi jininta. “Jini!” in ji Yaya tana tafa hannu. “Da shi za a yi sabulun?” An ce an karɓi sabulunta an kai ɗakin gwaji, an dawo da ita gida saboda hotonta ya yi duhu, an sake dawo da ita saboda mai sa hannu ya tafi taro. Kowane labari sai Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yarinyar nan a kan bencin ofis za ta tsufa.

Auta ba ta tsufa a kan benci ba. Wata safiya ta zo da kanta ta ce Yaya ta zo ta sa wa shago albarka.

Tun daga nesa Yaya ta hango allon: shuɗi, da fararen haruffa manya-manya, NA YAYA, a ƙasa kuma wata doguwar lamba. Ta tsaya a bakin ƙofa. Tayil ɗin fari ne fat, sai kawai ta ga ta cire takalmi ba wanda ya ce ta cire, abin da ya daɗe yana ba ta haushin kanta. A bango ga takardar izini cikin firam, da jan hatimi, da hoton Auta a gefe ta wani ƙame kamar shugabar banki. Kowace sandar sabulu da rigarta ta takarda. Yaya ta ɗauki ɗaya ta kware, ta shinshina, ta danna da farce, ta je famfon ta jiƙa ta murza. Aibi take nema, ko ɗan ƙanƙane ne, wanda za ta tafi da shi gida ta ji sanyi. Ba ta samu ba. Sabulunta ne sak, har ƙamshin lemun tsamin.

“Ya yi, Yaya?”

“Ba laifi,” ta ce, ta yi yaƙe. “Allah ya sa albarka.”

Albarkar daga baki ta fito, ba ta biyo ta zuciya ba. A hanyar gida wani abu ya yi ta cin ta, kuma gara a faɗi sunansa tunda ita ba za ta faɗa ba: ƙyashi ne. Ta yi ta gaya wa kanta ba ta ƙi Auta ta samu ba. Abin da ta ƙi shi ne Auta ta samu tana tsaye a kan tayil, ita kuwa tana nan tana korar kaji.

Maigidanta ya lura, don kwanon abincinsa ya fara sauka a gabansa da ƙara. Ya ce, “Wai ke da ƙanwarki kike baƙin ciki?” Ta ce Allah ya kiyaye, ita da ta raine ta? Ya ce to madalla, amma a riƙa ajiye kwanon a hankali.

Abin da ya ƙarasa ta a kantin kan kwana ya faru. Mai kantin ya fi kowa daɗewa yana karɓar kayanta. Ranar ta kai masa kwali da kanta, ta tarar da na Auta jere a kan kanta, daidai inda nata ya saba zama. Ya karɓi natan yana sosa ƙeya ya tura ƙarƙashin tebur. Ya ce ta yi haƙuri, masu bincike sun zo sun ja masa kunne a kan kayan da ba su da lamba, amma zai riƙa fito da shi in an tambaya. Suna cikin haka wata matashiya ta shigo ta ce a ba ta Na Yaya. Mai kantin, don ya faranta wa Yaya rai, ya sunkuya ya zaro nata. Matashiyar ta juya shi, ta ga ba takarda ba lamba, ta mayar masa.

“A'a, na asalin nake so. Wancan na kan kanta.”

Yaya ta fito ta bar kantin, kunnuwanta suna zafi. Washegari ta sa kayanta masu kyau, ba ta gaya wa kowa inda za ta ba, ta nufi ofishin nan da ta daɗe tana yi wa dariya.

Bene ne mai dogon baranda, da benci, da fanka ɗaya da ba ta isar kowa. Yaya ta zauna a kan bencin har bayanta ya ƙage kafin layi ya zo kanta. Wata ma'aikaciya a bayan gilashi ta zayyano mata sharuɗɗa ba ta ko ɗago kai ba: a fara da rajistar suna, sannan izinin wurin aiki, kuma wurin ya zama ɗaki na musamman mai iska da ruwa, wanda ba a kwana ba a girki a ciki. Sai a zo a duba, sai a gwada kayan, sai a ba da lamba. Yaya ta yi ta gyaɗa kai. Duk ta san su, ai ta yi musu dariya ɗaya bayan ɗaya.

“Wane suna za a sa?”

“Na Yaya.”

Ma'aikaciyar ta ɗan daddanna kwamfuta. “An riga ki, Mama.”

“Wa ya riga ni? Ni ce Yayar!”

“Kwamfuta ba ta san yaya da ƙanwa ba, wanda ya fara zuwa ta sani. Ki zaɓi wani. Ko a gwada miki Sabuwar Na Yaya? Ko Na Yaya Ta Biyu?”

Ta biyu. Ita, wadda soda ta cinye wa zanen yatsu tun mai riƙe da sunan ba ta iya ɗaura zani ba. Yaya ta dafa katakon da ke gaban gilashin da hannu biyu, ta tambaya a hankali ina ake kai ƙarar mai sayar da kaya da sunan da ba nasa ba. Ma'aikaciyar ta nuna mata ƙofar ƙarshen baranda.

A can ta tarar da wani jami'i mai furfura da tabarau, mutum mai haƙurin sauraro. Yaya ta zauna ta fara da batun suna, amma fushi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Ta ce akwai inda ake yin sabulu a unguwarsu da suna na sata. Da ta ga bai motsa ba, ta ƙara cewa wurin bai cika ƙa'ida ba. Da ta ga ya ɗauki biro, ta ce sabulun ma yana cin hannu. Ya tambayi sunan mai wurin. Nan ta kauce wa tambayar, don komai zafin zuciya ba za ta iya furta sunan 'yar ɗakinsu a gaban hukuma ba. Nata sunan ma ta ce a bar shi.

“Yallaɓai, ku dai sauka a tashar mota, ku tambayi kowa inda ake yin Na Yaya. Za a nuna muku.”

Allon nan shuɗi take gani a ranta lokacin da take faɗin haka. Ba so take a ɗaure Auta ba, ko kusa. So take a sauke allon, Auta ta zo ƙuryar gidan nan ta durƙusa a gefen durom ta ce, “Yaya, ki ba ni aron sunanki,” ita kuma ta ɗan ja rai sannan ta ba ta.

Ta koma gida da ƙarfinta, amma kafin yamma ta fara da-na-sani. Ta yi niyyar komawa ta janye maganar. Sai ga Auta ta zo da safar hannu ta roba sabuwa, da labarin wani otal ya ba ta aikin da ya fi ƙarfinta, tana so Yaya ta zo shagon su yi tare.

“In zama 'yar aikinki ke nan?”

“Haba Yaya, ni na isa?”

Yaya ta karɓi safar ta jefa kan akwati. Har kyautar ma zafi ta yi mata, don yau ƙanwa ce ke ba ta. Ba ta koma ofishin ba.

Da hantsi masu binciken suka zo, tana tsakiyar juya haɗi. Farar mota ta tsaya a tasha kamar yadda ta ce. Shagon Auta yana can ɗaya gefen unguwar, ba a hango allonsa daga nan. Jami'in mai tabarau da mutanensa biyu suka tambayi mai gyaran takalmi inda ake yin Na Yaya. Ya nuna musu layin da gudumarsa. Suka tambayi mai sayar da gawayi, ta ce ga gidan Yaya can mai koren ƙyaure. Mai kantin kan kwana har fitowa ya yi ya raka su. Ba wanda ya ko tuna da shagon bakin titi.

Yaya ta ji sallama ta leƙo da muciya a hannu. Ta ji mai kantin yana cewa, “Ga mai Na Yaya nan, tun muna samari ita ke yi.” Wani daɗi ya ratsa ta, daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba. Sannan ta ga tabarau ɗin, daɗin ya koma ciki.

Jami'in ya dube ta ya daɗe, sannan ya wuce ɗakin. Ba a sha wahalar bincike ba. Ba taga, ba famfo, ga buhun soda a buɗe a ƙasa, ga kaza ta fito daga bayan durom ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya tambayi takarda, babu. Ya ce a fitar da kayan a rufe ɗakin, mai wurin kuma ta biyo su ofis. Tsakar gida ta cika da maƙwabta.

Sai ga Auta ta shigo da gudu, mayafi a hannu, firam ɗin nan rungume a ƙirji. Daga bango ta fizgo shi, har da ɓarɓashin siminti a jikin igiyar. Ta tsaya tsakanin yayarta da jami'in tana haki.

“Yallaɓai, don Allah ka duba. Ga takarda. Aikin ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Ita ta koya mini, ita ta raine ni. Sunan ma nata ne, ni aro na yi. In akwai laifi a ɗora mini, ni ce ban sa ta a takardar ba. Wanda ya kai ƙarar nan kuwa, shi da Allah.”

Ga maganar da Yaya ta yi ta jira, an faɗe ta a gaban kowa, ba tare da ta ja rai ba. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Jami'in ya cire tabarau ya goge. Da alama sai lokacin ya gane abin da ya faru, amma bakinsa ya riga hankalinsa.

“To ai ita ce ta kawo ƙarar. Ita ta ce mini ana sabulu mai cin hannu da suna na sata.”

Auta ta juyo a hankali.

“Yaya, ƙarar wa kika kai?”

Auta ta tsaya tana kallon yayarta har ta sami amsar da kanta.

“Suna na sata,” Auta ta maimaita, ba da ƙarfi ba.

Duk da haka ita ta roƙi jami'in, ita ta sa hannu ta tsaya wa yayarta don kada a tafi da ita a mota a gaban 'ya'yanta. Aka rufe ɗakin, aka manna jar takarda a ƙofar. Da motar ta tafi, Auta ta yafa mayafinta ta ɗauki firam ɗinta.

“Zan je in sauke sunan. In sun buɗe miki ki je ki sa naki.”

Haka kuwa ta yi. Mai fenti ya zo ya shafe allon, aka rubuta sunan 'yar Auta a wurin. Yaya ta fasa bango ta yi taga, ta shimfiɗa tayil, aka ɗebi jininta a asibiti, ta zauna a kan bencin nan har ta san wace ƙusa ce ke kama zani. Yau tana da takardarta cikin firam, da jan hatimi, sunan kuma nata ne a baki da a rubuce. Sabulunta yana kan kanta a kantin kan kwana, kuma har yanzu ba ta yarda akwai wanda ya fi ta sanin sabulu ba.

Sukan haɗu da Auta a kasuwa wajen masu sayar da mai, ko a gidan wani ɗan'uwa. Auta ba ta gaba da ita. Takan rusuna ta ce, “Ina wuni,” ta tambayi yara, ta tambayi maigida da motarsa. Sai dai tun ranar nan gaisuwar a nan take tsayawa, ba ta sake kiranta Yaya ba. Ita kuwa Yaya takan ɗan yi shiru ko za a ƙara, sannan ta amsa.